Ɗaliban jinya a likitar Matameye: abin da ya kamata ku sani

Wanda ya taɓa jinyar yaro a babbar likitar Matameye, ko a ƙananan likitocin da ake kira CSI a yankin Kantche, ya ga samari da 'yan mata cikin farar riga suna bin majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ɗan littafi a hannu. Su ne 'yan estaj, masu koyon aikin jinya, daga makarantar gwamnati ta ENSP da ke Damagaram ko daga makarantu masu zaman kansu. Karatun shekara 3 ne, wani a aji, wani a bakin gadon majinyaci.

Ƙa'idar ita ce ɗalibi ya fara da kallo, sannan ya yi aikin a gaban ma'aikaci, sai hannunsa ya faɗa a sakar masa. Littafin nan kuwa shi ne shaidarsa. Allura, saka ƙarin ruwa, wankin ciwo, duk wanda ya iya sai mai kula da shi ya sa hannu. Sa hannun nan amana ce, domin gobe yaron nan zai iya zama shi kaɗai a likitar ƙauye, babu wanda zai tambaya.

Gwajin gaskiya ba a takarda yake ba. A miƙa masa jariri mai tari, a ga ko zai ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. A ba shi zaren awon dantse, a ga ko ya san ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani. Sannan a saurari bakinsa. Da Faransanci aka koya masa, amma uwar da ke gabansa Hausa take ji. Ɗalibin da ya kasa fahimtar da ita yadda za ta ba da magani a gida, a ganina bai ci jarrabawa ba, ko da ya haddace littafi.

Inda abin ya fi damuna shi ne ƙarshen damina, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika gadaje. A nan ɗalibi yake ganin abin da aji ba zai nuna masa ba, a nan kuma ma'aikata suka fi rasa sararin tsayawa a kansa. Sai ɗan koyo ya koma mai cike gurbi, a sa masa hannu a kan aikin da ba a ga ya yi ba.

Ke uwa, kina da ikon tambayar wanda zai taɓa ɗanki ko ma'aikaci ne ko ɗalibi. In ɗalibi ne, kada ki kore shi, da haka kowane majo ya fara. Amma in allura ce ko neman jijiya, ki ce a kira mai kula da shi ya tsaya a wurin.