Karayar ƙwauri: abin da ke sa ciwo ya ruɓe bayan aiki, da yadda kuɗin magani ke ninkuwa

Akwai maganar da muke yawan ji a cikin garin Maraɗi da ƙauyukan kewaye: "Ai an yi masa aiki, an sa ƙarfe, amma har yanzu ƙafar tana ruwa." Wata shida, wata takwas, magidanci na zaune bisa tabarma, sanda a gefe, moton da yake kabu-kabu da shi tuni an sayar. In aka tambaya, sau da yawa ƙashin ƙwauri ne ya karye. Yau mun ce bari mu tsaya kan wannan ƙashi, don halinsa dabam ne, kuma kuɗin da ke biyo bayan aikin kan fi na aikin kansa.

Ku shafa gaban ƙwaurinku yanzu. Fata ce kawai bisa ƙashi. Ƙashin cinya nama ya lulluɓe shi ta ko'ina, kuma nama shi ke kawo jini, jini kuwa shi ke kawo abin gyara. Ƙwauri bai samu wannan gata ba, musamman wajen ƙasa kusa da idon sawu. Shi ya sa a cikin dogayen ƙasusuwan jiki, shi ne ya fi yawan fasa fata ya leƙo waje idan ya karye, kuma shi ne ya fi jinkirin haɗewa. Ko karayar da ba ta da rauni a waje, ga babban mutum takan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya taka sosai. In an kai wajen wata tara radiyo bai nuna ƙashin ya haɗe ba, likitoci na cewa karayar ta ƙi kamawa. Radiyon likita muke nufi, mai hoton ƙashi, ba namu na magana ba.

To yanzu ku ɗauka matashi ne ya taso daga Tibiri bisa moto da yamma, ya yi karo a kan kwalta kafin ya shigo Maraɗi. Ko manomi ne a lambunan Jiratawa, amalanke ta taka masa ƙafa a cikin laka da taki. Ƙashi ya fito, ƙasa ta shiga. Daga wannan minti ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi a duniya ita ce a ba shi antibiyotik ta jijiya da wurwuri, in da hali cikin awa ɗaya, a yi masa allurar tetanos, sannan a shiga da shi ɗakin aiki a wanke ciwon, a yanke mataccen nama, kada a wuce awa 24. Tun a 1976 wasu likitoci biyu a Amurka, Gustilo da Anderson, suka kasa irin wannan karaya gida uku bisa girman rauni da dattinsa. Ƙaramin rauni mai tsabta da wuya ya ruɓe. Babba wanda nama ya dagargaje kuwa, haɗarinsa ya ninka sau da yawa, ko a asibitocin ƙasashe masu kuɗi.

Nan ne muke yin asarar farko. Ana tsayawa neman mota, ana jiran babban wa ya zo ya yanke shawara, ko kuma a wuce wajen maɗori. Ba mu raina maɗora ba, sana'a ce ta gado, kuma kusan kowane gida akwai wanda zai ce maka a hannunsu ya warke. Amma gaskiya ɗaya ce: idan fata ta fashe, ko da ƙofar ciwon ba ta wuce ƙwayar gero ba, wannan ba aikin kara da tsumma ba ne. A shafa magani bisa ɗanyen ƙashi a ɗaure tamau, ƙafa ta kumbura a ciki, jini ya tsaya. Bayan kwanaki, in wari ya tashi, sai a kwaso shi zuwa babban asibitin jiha ko Asibitin Referans, a ce likita ya yi dabara. Wani lokaci dabarar da ta rage ita ce yanke ƙafa.

Shi ƙarfen fa? Iri uku aka fi sani: wanda ake zurawa cikin ɓargon ƙashi, farantin da ake ɗaurawa da kusoshi, da na waje mai sanduna da ke huda fata. Duk suna riƙe ƙashi, amma ƙarfe ba shi da jini. Ƙwayoyin cuta in suka manne masa, sukan yi wa kansu wata yauƙi kamar gansakukar cikin randa, su ɓuya a ƙarƙashinta, magani ya kasa kai musu. Shi ya sa za ka ga an sha kafso ciwo ya lafa, an bari ya dawo. Idan cutar ta shiga ƙashin, wani yanki yakan mutu, ƙaramar ƙofa ta buɗe tana fitar da mugunya wata da watanni. A nan sai an koma ɗakin aiki: a kankare mataccen ƙashi, a ɗebi kaɗan a kai gwaji don a san maganin da zai ci cutar, wani lokaci a cire ƙarfen a sake wani, sannan a sha antibiyotik sati shida ko fiye.

Ku lissafa da kanku. Aiki na biyu, gado, radiyo, gwajin jini, ordonans bayan ordonans, kayan pansama, kuɗin mota daga Tibiri ko Jiratawa duk ranar wankin ciwo, ga mai jinya da ya bar nasa nema. In abin ya faɗo cikin damina, gona ma ta kwana. Daga akuya a koma ga sa, daga sa a jinginar da gona. Kyautar magani da aka kawo a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce da mata masu haihuwa ta hanyar aiki, ɗan kabu-kabu ba ya ciki. Ragin rabin kuɗi da gwamnati ta yi a asibitocinta daga 1 ga Satumba 2024 ya sauƙaƙa, ba shakka, amma abin da aka rubuto ka sayo a farmasi yana nan bisa wuyanka. Kuma ba mu kaɗai ba ne: wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 33 a duniya na shiga mummunan halin kuɗi saboda biyan aikin tiyata. Kwamitin ya sa gyaran karaya mai rauni a cikin ayyuka uku da ake auna ƙarfin asibiti da su, tare da fiɗar ciki da ciro jariri.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne tsimin da ke jawo babbar asara. An rubuta magani na kwanaki, a sayi rabi, sauran a cike da na masu talla a kasuwa wanda ya sha rana. Ranar komawa likita ta zo, a ce ai ciwon ya bushe, a bar kuɗin motar. Wani kuma ya hau moto tun likita bai ce ya taka ba, ƙarfe ya lanƙwashe ko ya karye. Ba mu ce talauci wasa ba ne, mun san wani ko na abincin dare ba ya da shi. Sai dai jika ƴan kaɗan da aka tsimi yau, su ne kan zama aiki na biyu gobe.

Sigari yana matse hanyoyin jini, masu shansa ƙashinsu ya fi daɗewa bai haɗe ba. Mai ciwon suga da mai amosanin jini su faɗa wa likita tun ranar farko. Majinyaci na buƙatar wake, gyaɗa, nono, ƙwai, nama in an samu, da zogalen da Allah ya hore mana a bakin Gulbi. Fura kaɗai ba ta gina ƙashi.

Bayan an sallame ku, in kun ga ja da zafi a gefen ɗinki, ko kumburi na ƙaruwa, ko ruwa ko mugunya na fita, ko wari, ko masassara, ko ciwon da ya lafa ya dawo yana zuga da dare, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. A koma a ranar, ko da gidan likita na kusa ne su tura ku gaba. Kafin ku bar asibiti kuma ku tambayi likita, ba rashin kunya ba ne: yaushe za a wanke ciwo, kwana nawa za a sha magani, yaushe za a sake radiyo, yaushe zai fara takawa. A adana hotunan radiyo da takardun duka cikin leda guda, a riƙa zuwa da su kowane lokaci.