Hayar Gidajen Hutu A Gaɓar Tafkin Windermere: Ribarta Da Ƙalubalenta

A arewa maso yammacin ƙasar Ingila, cikin lardin Cumbria, akwai wani yanki mai duwatsu da tafkuna da ake kira Lake District, wato Yankin Tafkuna. Mazaunansa kimanin mutum 40,000 ne kacal, amma baƙin da ke ziyartarsa a kowace shekara sun haura miliyan 15. Da yawa daga cikin waɗannan baƙi ba a otal suke sauka ba. Sukan kama hayar ɗan ƙaramin gida ne a cikin gandun wani mai ƙasa a bakin ruwa, su yi mako guda ko biyu suna dafa abincinsu da kansu. Wannan haya ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gandayen yankin, kuma ita ce ke jawo muhawara tsakanin masu gidajen da gwamnati da 'yan ƙasa.

Al'adar dai ta samo asali ne tun daga shekarar 1847, lokacin da layin dogo ya isa garin Windermere, kusa da tafkin da ya fi kowane girma a Ingila, mai tsawon kimanin kilomita 17. Attajiran biranen Manchesta da Libaful suka shiga gina manyan gidaje a gaɓarsa, wasu kuma suka riƙa kama haya a lokacin zafi. A 1882 wani iyali daga Landan ya kama hayar gidan Wray da ke gaɓar yamma. 'Yarsu Beatrix Potter, wadda daga bisani ta shahara wajen rubuta littattafan yara, tana da shekara 16 a lokacin. A nan ta sadu da limamin cocin wurin, Hardwicke Rawnsley, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust a 1895. Da ta rasu a 1943, sai ta bar wa ƙungiyar filaye kimanin eka 4,000 da gonaki masu yawa. A yau ƙungiyar ita kanta tana ba da hayar gidajen hutu a yankin.

Abin da ya tura masu gandaye cikin wannan sana'a shi ne matsin tattalin arziki. Harajin gado da gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba a 1894 ya yi ta hauhawa har ya tilasta wa iyalai da dama sayar da filayensu. Bugu da ƙari, injuna sun maye gurbin ma'aikata, saboda haka gidajen makiyaya da na masu kula da daji suka zama kango. Kiwon tumaki kuwa ribarsa ta ragu ƙwarai, domin gashin tumakin Herdwick na yankin kaushi ne da shi, sau da yawa kuɗinsa ba ya biyan ladan askinsa. Ganin haka sai masu ƙasa suka gyara waɗannan gidaje da rumbuna da bargogin dawaki, suka zuba musu kayan ɗaki. Gandun Graythwaite, mai faɗin kimanin eka 5,000 a yammacin tafkin, yana daga cikin waɗanda suka bi wannan hanya.

Tsarin zama a irin waɗannan gidaje ya bambanta da na otal. Gidan ake biya wa kuɗi gaba ɗaya, ba kan mutum ba, don haka mai babban iyali ya fi samun sauƙi. Akasari akan ba da haya ne mako-mako, a shiga ranar Juma'a ko Asabar da la'asar, a fita da hantsi, domin masu shara su sami damar gyara wurin kafin baƙi na gaba su iso. Akan biya kafin alƙalami lokacin kama gida, a cika sauran kuɗin makonni kafin ranar zuwa. Baƙo zai tarar da tukwane da murhu da shimfiɗa, amma babu mai kawo masa abinci. Wannan ya dace da Musulmin da ke son ya dafa abincinsa na halal, sai dai ya kyautu ya yi guzurin nama daga babban birni irin su Manchesta. Mai tahowa daga Landan yakan shiga jirgin ƙasa a tashar Euston, ya sauya a Oxenholme, amma da wuya a ji daɗin zama a gandu ba tare da mota ba.

Ta fuskar mai gida kuwa, ciniki na watanni kaɗan ne. A watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantu, farashi kan yi tashin gwauron zabo, a hunturu kuma ya faɗi. Daga abin da aka samu za a fitar da la'adar dillalai da kuɗin shara da wanki da ɗumama ɗakuna da gyaran rufi, kasancewar yankin yana cikin wuraren da suka fi yawan ruwan sama a Ingila. Haka kuma akwai kasada. A 2001 annobar ciwon baki da kofato ta afka wa dabbobin Cumbria, aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara, baƙi suka ƙaurace. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe gidajen na tsawon watanni, sannan a 2021, da tafiya ƙasashen waje ta yi wuya, suka cika maƙil.

To amma kamar yadda masu iya magana kan ce, kowane allazi da nasa amanu. Da jama'a suka ga ribar, sai aka shiga sayen gidajen ƙauyuka ana mai da su na hutu, har ta kai ga matasan yankin da ma'aikatan otal sun kasa samun wurin zama. Wannan ya sa gwamnati ta ɗaure ɗamara. Daga Afrilun 2023, ba a ɗaukar gida a matsayin wurin kasuwanci wajen biyan haraji a Ingila sai an sa shi a kasuwa na kwana 140 a shekara, kuma an kama shi haya na aƙalla kwana 70. Daga Afrilun 2025 aka soke rangwamen haraji na musamman da masu gidajen hutu ke mora, aka kuma ba ƙananan hukumomi ikon ninka harajin gida a kan wanda ya mallaki gida na biyu.

Babban jarin sana'ar shi ne tafkin kansa da kyawun kewayensa. An mai da yankin gandun ƙasa mai kariya a 1951, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2017, kuma samun izinin sabon gini a cikinsa abu ne mai wuya, abin da ya ƙara wa tsofaffin gine-gine daraja. A 2005 aka fara aiki da dokar taƙaita gudun kwale-kwale masu inji a kan tafkin domin a sami natsuwa. Sai dai a zafin 2022 gansakuka ta mamaye sassan ruwan, kuma tun daga lokacin ake ta ƙorafi a kan ƙazantar da ke kwarara cikinsa.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke nufin kai iyalinsa hutu ya kama gida tun watanni kafin lokaci, ya kuma tambaya ko hayar ta haɗa da izinin sauka bakin ruwa, domin yawancin gaɓar mallakar mutane ce. Wanda kuma ke tunanin zuba jari, ya yi lissafinsa bisa dokokin harajin 2025, ya kuma ƙidaya makonnin hunturu da gidan zai kwana babu kowa.