Malamin da Yaran Titin Koudoukou ke Jira

Titin Koudoukou shi ne jijiyar unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi, hedikwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Nan kasuwa take, nan babban masallaci yake, nan kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi suka daɗe suna fatauci tare da 'yan ƙasa. Bayan 'yan tawayen Seleka sun ƙwace Bangi a watan Maris na 2013, mayaƙan Anti-Balaka kuma suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba, unguwar ta zama mafakar Musulmin da suka rage, fita daga cikinta kuwa sai da sayar da rai. Ko da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin ranar 30 ga Nuwamba, 2015, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka yi masa rakiya. A waɗannan shekaru makarantu sun sha rufewa, malamai da dama sun daina shiga unguwar, yara kuma suka yi asarar karatun da ba a rama shi da wuri.

Yau an samu sauƙi, kasuwa na ci, yara na tafiya makaranta. Abin tambaya shi ne wa ke tsaye a gaban allo, da me aka koya masa kafin a danƙa masa 'ya'yan mutane.

Ƙasar tana da kwalejin horar da malaman firamare a Bambari, da babbar kwalejin malamai a Bangi, da cibiyoyin horarwa a wasu larduna, amma waɗanda suke yayewa ba su kai ko kusa da bukata ba. Shi ya sa makarantu da yawa, musamman a karkara, suka dogara ga waɗanda ake kira maîtres-parents, wato malaman da iyaye ke ɗauka su biya su da karo-karo. Galibinsu ba su taɓa zama a ajin horon malanta ba. Raina su zalunci ne, domin ba don su ba da an kulle makarantu masu ɗimbin yawa. Matsalar ba ta wannan ƙasa kaɗai ba ce: rahoton UNESCO na 2024 ya ƙiyasta cewa duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

To, yaya ake gyara malami? Hanyar da muka saba ita ce bita. A tara malamai a babban zaure kwana uku, a yi musu lacca, a raba takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya koma ajinsa ya ci gaba da yadda ya saba. Masu bincike sun auna wannan hanya a Afirka ta Kudu daga 2015, a makarantun firamare na lardin Arewa maso Yamma. Duk malaman an ba su tsararren darasi na kowace rana da littattafan karatu. Rukuni ɗaya aka riƙa kai su bita sau biyu a shekara, ɗayan kuma aka haɗa su da gogaggen malami mai zuwa ajinsu kusan kowane wata, ya zauna a baya ya kalli darasi, a tashi ya ce ga inda aka dace, ga inda yara suka ɓace. Bayan shekara biyu, ci gaban da yaran rukuni na biyu suka samu a karatu ya ninka na rukunin bita. Dalilin a fili yake. Koyarwa sana'ar hannu ce kamar ɗinki, ba a ƙware a kanta sai maigida na tsaye yana duba ɗinkin yana cewa a warware nan.

Sai batun hankalin yaro. Wanda ya taso yana jin harbi ba ya barin tsoronsa a ƙofar makaranta. Babur ya yi ƙara a titi, sai ka ga yaro ya zabura ya saki alli, idonsa na kan ƙofa, ba zai ƙara jin komai ba har a tashi. Wani kuma faɗa ne da kowa, wata ta yi shiru ba ta ko ɗaga hannu. Malamin da ba a koya masa gane wannan ba zai ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala, ya ƙara wa wuta fetur. Ƙungiyar agaji ta IRC tare da masana daga Jami'ar New York sun gwada wani tsari a Katanga ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango daga 2011: a koya wa malami ya san yara da sunansu, ya tsayar da tsarin da ba ya canjawa kullum, ya ajiye duka, ya yaba wa wanda ya yi ƙoƙari. Yara sun ce sun fi jin makaranta ta damu da su, an kuma ga ɗan ci gaba a karatu da lissafi. Amma binciken bai nuna cewa damuwar da ke cikin zukatansu ta ragu ba. Wannan gaskiya ce mai muhimmanci, kuma ina ganin bai kamata a ɓoye ta don neman tallafi ba. Malami nagari yana sa aji ya zama wurin aminci, amma yaron da ya ga an kashe mahaifinsa yana bukatar likita da dangi da malamin addini su ma su sa hannu.

Shigar da kowane yaro makaranta kuwa ya wuce gina gangaren keken guragu, ko da yake wannan ma babu shi a yawancin wurare. A Kilomita Biyar yaro na iya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Larabci a gida, ya tsinci Sango a kasuwa, sannan ya tarar da Faransanci a littafi. Idan ya rasa shekara uku saboda gudun hijira zuwa Kamaru ko Cadi, sai ya dawo ya girmi ajinsa, kunya ta kore shi. Akwai kuma takardar haihuwa, wadda iyalai da yawa suka rasa a rikici, samun sabuwa kuma ya daɗe yana yi wa masu sunan Musulmi wuya. A nan tsarin da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya yake da amfani: a gwada kowane yaro na 'yan mintoci, a raba su gwargwadon abin da suka iya, mai harafi da masu harafi, mai jimla da masu jimla, ba tare da duba shekaru ba. An gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, kuma da Hausa aka fara.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu tun 2015, Shugaba Faustin-Archange Touadéra kuma malamin lissafi ne da ya shugabanci Jami'ar Bangi, saboda haka ba a bukatar a yi masa bayanin darajar alli. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta ɗauki malaman da iyaye ke biya, ta horar da su a cikin ajinsu, ta biya su a kan kari. Attajiran Titin Koudoukou da limamai da ƙungiyoyin iyaye su ma kada su zauna jiran masu agaji. Su haɗa kuɗi su ɗauki tsofaffin malaman da suka yi ritaya su riƙa zagaya azuzuwa, su bi gida gida su nemo yaran da ba su da takardar haihuwa, su raka iyayensu ofishin magajin gari har a ba su.