Allura ta sauke fotasiyam, amma da sauran aiki

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Tasawa da Mayahi, wai idan gwaji ya nuna fotasiyam ya yi yawa a jinin majinyaci, allura ɗaya ta gama magana, sauran kwanakin da ake riƙe shi a asibiti cin kuɗi ne. Wanda ya naɗi wannan murya ya ji tsoron Allah, da rayukan mutane yake wasa.

Ƙananan jita-jita tukuna. Ayaba da dabino ba sa jawo wa mai lafiyayyar ƙoda wannan matsala, mai ciwon ƙoda ne ake wa takatsantsan da su. Allurar insulin ba ta sa ciwon suga. Jiƙon kanwa kuwa ba magani ba ne.

Gaskiya ne allurar tana aiki. Daidan fotasiyam a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0; in ya kai 6.5 zuciya na iya tsayawa ba sallama. Sai a fara da allurar kalsiyam, wadda ke kare zuciya na ƙasa da awa guda amma ba ta rage komai. Insulin da ruwan suga su ne ke sauke lambar cikin rabin awa, galibi da kusan maki ɗaya. Sai dai fotasiyam ɗin bai bar jiki ba. An kora shi ne cikin ƙwayoyin jiki, kamar awakin da aka tura garke marar ƙyaure. Bayan awa 4 zuwa 6 yana iya dawowa, sugan majinyacin ma na iya faɗuwa. Shi ya sa ake ta sake ɗibar jini.

Fitar da fotasiyam daga jiki aikin ƙoda ne. Majinyacin da ke iya fitsari ana taimaka masa da maganin Lasix. Garin Kayexalate na jan shi ta hanji, amma da nawa. In ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda, irin wanda ake yi a asibitocin Damagaram da Lamorde ta Yamai.

Ban ga laifin wanda ya sayar da akuya ya biya gado ba in ya ji an ce lamba ta sauka ya fara naɗe tabarma. Amma kafin ku tafi, ku tambayi likita me ya hau da fotasiyam ɗin, ku nuna masa duk ƙwayar da majinyaci ke sha, musamman diclofenac na ƴan tebur da captopril na hawan jini. Kada ku fitar da majinyacin sai an sake gwaji.