Shagon kwano ba tanda ba ne: yadda ake fitar masa da taga

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, don masu lallaɓa data.

Bazarar da ta wuce na je Katuru, a ƙaramar hukumar Shinkafi, na leƙa shagon wani abokina mai walda da azahar. Bango kwano, rufi kwano, ƙofa ɗaya tal, ga janareta na ruri a bakinta. Wallahi ban yi minti goma ba kaina ya fara sarawa, alhali yaransa a nan suke wuni. Na ce, "Abokina, ina taga?" Ya ce, "Kai ma ka san halin da muke ciki. In buɗe wa ɓarawo hanya da hannuna?"

Yana da hujja. Duk mai zama tsakanin Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda ya san tsoro. Amma rufaffen shago ma cuta yake. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, kwano kuwa da ya sha rana sai ya amayar da zafin ciki. Hayaƙin janareta na ɗauke da wata iska mai guba marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum bai ankara ba. Waldar ƙarfe mai rufin zin kuma hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon jiki, sai ka ɗauka maleriya ce.

To yaya ake yi?

Na farko, taga biyu ake so, suna kallon juna, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya can kusa da rufi. Iska mai zafi sama take yi: ta fice ta sama, mai dama-dama ta shigo ta ƙasa.

Na biyu, in da hali ku fitar da su kudu da arewa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, yamma kuma ranar la'asar ce za ta gasa ku.

Na uku, girma. Magina kan yi lissafin kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Shago mai ƙafa 10 da ƙafa 12, taga biyu masu ƙafa 2 da ƙafa 3 sun wadatar.

Na huɗu, kuma nan ake yawan kwafsawa: firam kafin yanka. Kwano ba shi ke riƙe da gini ba, ginshiƙai da katakon da aka gitta su ne. Kar ka taɓa ginshiƙi. Kafa firam na katako ko ƙarfe ta ciki, ka daddanne kwanon a jikinsa, sannan ka yanke tsakiya. Almakashin kwano ya fi giranda, don tartsatsi na ƙone rufin kwanon, tsatsa ta samu shiga. Ka shafa wa bakin yankan fenti, ka yi wa tagar 'yar rumfa daga sama saboda feshin ruwa.

Maganar ɓarawo kuma, ai mai walda ba ya rasa rodi. A yi bagila mai ratar da ba ta wuce inci 4 ba, da murfin ƙarfe mai sakata ta ciki. Da rana a buɗe, da dare a garƙame.

Amma ku gane, taga ba ta halasta janareta a ɗaki. Hukumar CDC ta Amurka ƙafa 20 ta ce a nisanta shi daga ƙofa da taga.

Abokina dai ya fitar da tasa da ragowar rodin shago. Kai da ke koyon sana'a, kai wa maigidanka wannan magana cikin ladabi, huhun naka ne. Sai mako mai zuwa, Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.