Sanin Sunan Ƙwaro Kafin Sayen Magani

Mai karatu, a shirinmu na noma na wannan mako mun tattauna wani fanni na ilimi da ba a cika jin labarinsa ba, wato ilimin rarrabe halittu da sa musu suna. Masu wannan aiki su ne ke duba ƙwaro ko ciyawa ko kifi su ce wannan wane ne, ga danginsa, ga inda ya bambanta da mai kama da shi. Kana iya cewa, to ni manomi ina ruwana da sunan tsutsa? Saurara ka ji.

A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro fari mai tsotse ruwan rogo ya ɓulla a yankin Kwango, ya bazu cikin ƙasashen da ke noman rogo har ya iso Najeriya. Masana suka gane baƙo ne daga nahiyar Amurka, sai suka tafi can neman ƙwaron da ke cinsa. Sun samo wasu, amma da aka gwada su sai suka ƙi kama ƙwaron namu. Ashe kama da wane ba ta wane ba ce: an ɗebo su ne daga jikin wani ƙwaro daban mai kama da shi. Sai da masu rarrabe ƙwari suka raba su biyun, aka gano na ainihin a Faraguwai, sannan aka samo ɗan mitsitsin zanzaron da ke kashe shi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakinsa a 1981, daga baya aka kai shi ƙasashe da dama, rogo ya farfaɗo. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

Ka ga ke nan kuskuren suna kaɗai ya ci lokaci da kuɗi, gonaki kuma suna ta lalacewa.

Haka aka yi a 2016 da tsutsar nan mai cin masara. Da farko wasu sun ɗauka tsutsar da aka saba gani ce. Masana a reshen IITA da ke kusa da Kwatano, inda ake ajiye tarin ƙwari na yammacin Afirka, su suka tabbatar baƙuwa ce daga Amurka. Kai ma kana iya gane ta: a goshinta akwai alama kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma ɗige huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki.

Me ya sa sai ƙasashe sun haɗa hannu? Ƙwaro dai ba ya tsayawa a Jibiya ko Ɗan Isa a buga masa hatimi. Abin da ya ci gero a Maraɗi bana, baɗi yana Katsina. Masana wannan fanni kuma ƙalilan ne. Horar da mutum ɗaya kan ɗauki shekaru, ga tsadar madubin ƙara girma da ɗakin ajiya da zai kare samfura daga zafi da gara. Ba kowace ƙasa ce za ta iya samun gwani a kan kowane dangin ƙwari ba, dole wannan ta ara wa waccan. Shi ya sa cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, take horar da ma'aikatan kare amfanin gona daga ƙasashen Sahel. Haka nan masu bincike na Nijar da Burkina Faso da Mali suke aiki tare wajen kiwon ɗan zanzaron da ake saki a gonaki ya kashe murzuna, tsutsar zangarniyar gero.

To kai ina naka aikin? In ka ga baƙon ƙwaro a gonarka, kada ka yi saurin zuwa kasuwa sayen magani. Kama biyu ko uku ka sa a kwalba, haɗe da ganyen da suka ci, ka riƙe ranar da wurin, ka kai wa malamin gona. In kana da waya mai hoto, ɗauki kan da bayan sosai. Sunan da ake kiransa a garinku ma ka faɗa, domin masana na buƙatarsa.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ake bambanta farar dango da farar gida. Allah ya ba mu damina mai albarka.