Koyar da Ingilishi a Briqueterie: Dabarun Aji da Halayen Malamin Kirki

Ingilishi darasi ne na dole a makarantun Kamaru masu koyarwa da Faransanci, kuma irin waɗannan makarantu ne akasarin yaran unguwar Ekoudou, wadda aka fi sani da Briqueterie a birnin Yawunde, suke zuwa. Asalin wannan tsari yana cikin tarihin ƙasar. A ranar 1 ga Oktoba, 1961, yankin kudancin Kamaru da Ingila ta mulka ya haɗe da yankin da Faransa ta mulka, ƙasar ta tashi da harsunan hukuma guda biyu. Tsarin mulkin 1996 ya ba su daraja ɗaya, dokar ilimi ta 1998 kuma ta tabbatar da tsarin karatu iri biyu, na Faransanci da na Ingilishi. A cikin jihohi goma na ƙasar, takwas Faransanci ne ya fi rinjaye a cikinsu, har da jihar Tsakiya inda Yawunde take. Saboda haka malamin Ingilishi a wannan birni yana koyar da harshen da doka ta girmama, amma ɗalibansa ba su cika jin sa a titi ba.

Ɗalibin da malami yake tararwa

Briqueterie tsohuwar unguwa ce ta Musulmi a ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu. Fatake Hausawa sun daɗe da zama a cikinta, daga baya Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga ƙasashen maƙwabta suka ƙaru. An san ta da babban masallacinta, da teloli, da 'yan tireda, da masu gasa tsire. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Hausa ko Fulatanci a gida, ya koyi haruffan Larabci a makarantar allo, ya yi Faransanci a kasuwa da makarantar boko. Ingilishi yakan zo masa a matsayin harshe na uku ko na huɗu.

Wannan yanayi yana da nauyinsa, yana da ribarsa. Nauyin shi ne ƙarancin jin harshen bayan an tashi daga aji. Ɗalibi zai iya shafe shekara bakwai na sakandare yana darasin Ingilishi, ya rubuta shi a jarrabawar BEPC da Probatoire da Baccalauréat, ya fito bai iya tambayar kuɗin kaya da shi ba. Ribar kuwa ita ce yaron ya riga ya saba da sauya harshe, kunnensa a buɗe yake, kuma haddar allo ta horar da ƙwaƙwalwarsa wajen riƙe abin da ya ji. Ga kalmomin aro irin su tebur da bokiti da mota da asibiti, waɗanda yake faɗa kullum ba tare da ya san daga Ingilishi suka fito ba. Jerin jumla ma ya yi kama a harsunan biyu: mai aiki, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Malamin da ya san waɗannan abubuwa yana da wurin fara gini.

Buƙatar harshen kuma a fili take. Mutanen unguwar suna da zumunci da ciniki da Najeriya, wasu suna saro kaya daga Kano da Legas da Dubai. Yawancin abin da ke intanet na ilimi da Ingilishi yake. Shi ya sa iyaye da dama a Yawunde, masu jin Faransanci, suke kai 'ya'yansu makarantun Ingilishi tun daga firamare.

Hanyoyin koyarwa

Hanya mafi daɗewa ita ce ta nahawu da fassara. Malami ya rubuta ƙa'ida a allo, ya bayyana ta da Faransanci, ɗalibai su kwafa, su cike gurabe a littafi. Tana taimakawa wajen cin jarrabawar rubutu, kuma tana da sauƙin bi a aji mai yawan jama'a. Aibinta shi ne bakin malami ne kaɗai yake motsi, ɗalibi ya san dokar harshe amma bai iya amfani da shi ba.

Ta biyu ita ce ta maimaici: malami ya faɗi jumla, aji ya amsa gaba ɗaya, a yi ta juyawa har ta zauna. Ta yi tashe a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaran Briqueterie ba baƙinta ba ne, domin haka ake biya karatu a makarantar allo. Tana gyara lafazi, tana kuma ba mai kunya damar buɗe baki a cikin taro. Sai dai idan aka tsaya a kanta, yaro zai riƙa furta jumlar da ya haddace, ya kasa ƙirƙiro tasa.

Ta uku ta bayyana a shekarun 1970, ita ce koyarwa ta hanyar sadarwa. Manufarta ɗalibi ya yi amfani da harshen don biyan wata buƙata: ya yi tambaya, ya ba da labari, ya nemi hanya, ya yi ciniki. Tsarin koyarwa bisa ƙwarewa da ma'aikatar ilimin sakandare ta Kamaru ta shigo da shi a farkon shekarun 2010 ya karkata ga wannan tunani, domin yana so a ɗaure kowane darasi da wani yanayi na rayuwa. A Briqueterie irin wannan yanayi ba sai an nema da nisa ba. Ɗalibi ɗaya ya zama tela yana auna riga, ɗayan ya zama mai kawo ɗinki yana neman ragi. Wani ya kwatanta wa baƙo hanya daga kasuwar Mokolo zuwa masallacin Tsinga. A cikin wasa ɗaya an koyi ƙidaya da launuka da tambaya da amsa.

Gogaggen malami yakan haɗa hanyoyin uku a darasi guda. Ya fara da ɗan labari ko hoto da zai sa a ji sabon abu cikin ma'ana, ya sa a maimaita har baki ya saba, ya fito da ƙa'idar a taƙaice, sannan ya bar mafi yawan lokacin ga ɗalibai su yi magana bibbiyu. Masanin harshe Stephen Krashen ya yi bayani a shekarun 1980 cewa harshe yana shiga ne idan mai koyo yana jin abin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan amma yana iya fahimta, kuma tsoro da fargaba suna toshe wannan ƙofa. Ma'anar wannan a aji ita ce malami ya yi Ingilishi mai sauƙi a hankali, da nuni da zane, ya koma Faransanci ko Hausa na ɗan lokaci idan wata ma'ana ta cije, sannan ya dawo.

Aji mai cunkoso

Babbar matsalar makarantun gwamnati a Yawunde ita ce yawan ɗalibai da ƙarancin littattafai. Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1960 Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilimi a Bengal, ya wallafa littafi kan koyar da Ingilishi a mawuyacin hali. Daga cikin Kamaru kuma akwai misalin Harry Kuchah Kuchah, wanda ya koyar da aji mai ɗalibai fiye da 200 a arewacin ƙasar, cikin zafi mai tsanani, kusan babu littafi. Ya raba su rukuni-rukuni, ya shawarce su kan yadda suke so a yi karatun, ya sa su nemo rubuce-rubuce da kansu, su kuma rubuta nasu labaran da waƙoƙi, waɗanda suka zama kayan karatu. Shi da Richard Smith na Jami'ar Warwick sun rubuta bayanin wannan aiki a 2011, daga baya kuma Kuchah ya shugabanci IATEFL, ƙungiyar malaman Ingilishi ta duniya.

Darasin da ke cikin wannan shi ne ɗaliban kansu su ne dukiyar ajin da ba shi da kayan aiki. Idan malami zai tambayi yara tamanin ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba za su furta ko kalma ba kafin a buga ƙararrawa. Idan kuwa kowa ya juya ga na kusa da shi, baki arba'in ne suke magana a lokaci guda. Ana naɗa shugaban rukuni, ana zaunar da mai ƙarfi kusa da mai rauni, ana amfani da kwalin kaya da takardar magani da tsohuwar jarida a matsayin abin karantawa.

Halayen malami

Hali na farko shi ne sanin harshen da iya furta shi, domin sau da yawa malami shi kaɗai ne mai jin Ingilishi da yaron yake saurara. Tare da haka yana buƙatar sanin inda harsunan ɗalibansa suke yi musu tarnaƙi. Bahaushe yakan haɗa sautin p da f, ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu. Mai Faransanci yakan haɗiye sautin h a farkon kalma, ya kuma kai nauyin murya ƙarshenta. Wanda ya san tushen kuskure yakan gyara shi da atisaye kaɗan.

Na biyu haƙuri ne da iya gyara. Kuskure alama ce ta cewa ɗalibi yana gwadawa. Malamin kirki ba ya katse yaro a tsakiyar magana, yakan bari ya gama, ya maimaita jumlar daidai, ya wuce. Ba ya barin aji ya yi wa kowa dariya. Wannan ya fi muhimmanci ga yaran da aka tarbiyyantar da kunya da sunkuyar da kai a gaban manya, musamman 'yan mata, waɗanda shirunsu ladabi ne amma akan ɗauke shi rashin sani. Bulala da tsawa suna kawo shiru a aji, ajin harshe kuwa magana yake buƙata.

Na uku adalci ne da mutunta ɗalibi: kiran yaro da sunansa, raba tambaya tsakanin na gaba da na baya, da sanin halin unguwa, kamar gajiyar azumi ko yaron da yake taya mahaifinsa tsaron shago da yamma. Na huɗu shiri ne da kiyaye lokaci. Malamin da ya shiga aji ya san abin da yake so yara su iya yi kafin ya fita, kuma yake duba aikin gida ya mayar da wuri, shi ne ɗalibai suke yarda da shi. Sakin fuska da ɗan raha suna ƙara wa duk waɗannan armashi.

Horo da goyon baya

Malaman sakandare na gwamnati sun daɗe suna samun horo a manyan makarantun horar da malamai, irin ta Yawunde da aka kafa a 1961, da ta Bambili, da ta Marwa. Ƙungiyar CAMELTA ta malaman Ingilishi a Kamaru tana shirya tarurrukan ƙara wa juna sani. A farkon watan Fabrairu na kowace shekara makarantu suna bikin makon harsuna biyu, inda ɗalibai suke yin muhawara da wasan kwaikwayo da waƙe a harshensu na biyu na hukuma. Malami mai himma yakan kafa kulob ɗin Ingilishi don irin wannan aiki ya ɗore duk shekara.

Gida ma yana da rabonsa. Uba ko uwa da ba su jin Ingilishi suna iya sayen littafin darasi, su ware wa yaro lokacin karatu bayan magariba, su bar shi ya saurari shirye-shiryen Ingilishi na gidan rediyo da talabijin na CRTV, su kuma riƙa zuwa taron iyaye da malamai. Ci gaba da yi wa yaro Hausa ko Fulatanci mai kyau a gida ba ya rage masa komai, domin wanda ya iya ba da labari da kafa hujja a harshen uwarsa yakan ɗauki wannan gwaninta zuwa duk harshen da ya koya daga baya.